Kayan Sunan da Ban Kai Zariya Ba

Har yau idan na hangi jakar ganamasgo mai ratsin ja da shuɗi a kan wani, sai in kau da kai. Bara abin ya faru. Ban taɓa ba wa kowa labarin tun daga farko har ƙarshe ba, don duk sanda na fara sai in ji ina laluben inda zan rage wa kaina laifi. Yau zan yi ƙoƙari in bar shi yadda yake.

A Agege ta Legas aka haife ni, a nan na yi sakandare, ina gamawa na samu aiki a wani kamfanin sabulu a Ogba, ɓangaren da ake jera kaya a kwali. Wata Litinin oga ya tara mu ya ce za a canza injina, an rufe kamfani na sati shida, kowa ya je ya huta. Tun da na fara aikin ban taɓa samun kwana uku a jere ba sai da sallah. Kafin mu fita daga get kowa ya fara lissafa inda za shi.

Akwai ƙawata da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin aiki, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, ɗakinta yana nan Ogba. Da Hausa muke gulmar oga a gabansa. Ta zungure ni ta ce, "Hajiya, ina aka nufa?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na tambaye ta ita fa.

"Ni? Barci zan yi har katifa ta kai ƙarata."

Wurare uku ne a gabana. Ko in zauna gida in taya Umma aiki. Ko in je Sagamu wurin yayata da ke aure a can, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ko kuma in je Zariya wurin kakata, mahaifiyar Umma, wadda sunanta aka sa min. Sau ɗaya ta taɓa ganina, ina 'yar shekara shida. Saboda sunan nan Umma ba ta taɓa kirana da shi, sai dai ta ce Uwata.

Abin da ba wanda ya sani a gidanmu shi ne ba na iya shiga mota mai ƙofa. Wata takwas kafin nan na shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, a Oshodi da yamma, ashe irin wadda ake cewa wan-cans ce, duk fasinjojin da na tarar a ciki mutanensu ne. Ana rufe ƙofa na kusa da ni ya danna kaina ƙasa tsakanin gwiwoyina. Warin takalminsa kawai nake tunawa, da yadda wani yake ta dariya a gaba. Sun ƙwace waya da jaka suka tunkuɗo ni a gefen titi. Da na koma gida na ce wa Umma an zare min waya a cunkoso. Na ɓoye ne don kada ta hana ni aiki. Tun daga ranar da keke napep nake zuwa Ogba, mai buɗaɗɗen gefe, idan ban samu ba in taka da ƙafa. Umma ta ɗauka tattali na koya.

Wadda take a wannan hali ai ta san abin da ya kamata ta zaɓa. Ni ma na sani. Bakina ne ya riga ni.

A gidan hayar da muke akwai wata dattijuwa mai tuyar waina a ƙofar gida, ba mu haɗa jini ba amma Gwaggo muke ce mata. A bayanta na girma kusan yadda na girma a bayan Umma. Ni ce 'yar aikenta tun ina ƙarama: sayo min yis, karɓo min canji, duba min ko mai gawayi ya buɗe. Kuma ita ce mai tsokanata. Da yammar ranar muna tsakar gida tana wanke tanda, na ba matan gidan labarin hutun.

Gwaggo ta ce, "Sati shida? To Bayarabiya, ina za a? Ibadan wurin dangi?"

Matan gidan suka sa dariya. Wata ta ce ai 'ya'yan Legas in aka sauke su a Arewa sai sun nemi tafinta.

Gwaggo ta ce, "Wannan? Wannan ko dawa da gero ba ta rarrabewa. A gona in ta ga jaki cewa za ta yi akuya ce ta ƙoshi."

Na ce, "Zariya za ni. Wurin kakata."

Don in rufe musu baki na faɗa, ina tunanin gobe zan ce na fasa. Sai na ga Umma ta ajiye wuƙar da take yankan kuɓewa tana kallona. Ta ce, "Da gaske, Uwata?" Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun rasuwar Baba. Kafin magariba ta kira Zariya an kai wa kaka waya, ina jin tsohuwa tana cewa a faɗa wa takwara ta taho da ƙoshinta don ita ba ta da abincin 'yan birni.

A unguwarmu, da zarar an ji mutum zai je gida, to tafiyar ta tashi daga tasa shi kaɗai. Kwana biyu ba a yi ba aka fara sallama a ƙofar ɗakinmu: wannan da ƙullin magani za a kai Kaduna, wancan da takalman yara. Umma ta tare su duka, ta ce yarinya ce, tafiyarta ta farko ita kaɗai, a yi haƙuri. Kowa ta mayar. Mutum ɗaya ce ba ta iya mayarwa ba.

'Yar Gwaggo guda ɗaya tilo tana aure a Zariya, kuma ranar Juma'ar makon nan ta haihu, haihuwar fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu a gaban uwarta, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Ita kuma Gwaggo gwiwarta ba ta barin ta ta zauna a mota ko na awa biyu. Yarinyar ba ta da kowa nata a Zariya, sai dangin miji, waɗanda tun farko suke mata kallon 'yar Legas marar asali. Suna Juma'a mai zuwa. Duk abin da zai nuna cewa mai jego tana da uwa a duniya yana cikin jakar ganamasgo ɗaya.

A gabana Gwaggo ta shirya jakar a kan tabarma, tana ɗaga kowane abu tana nuna min. Leshi mai ruwan zuma da ta kai ɗinki tun cikin yana wata shida, na fitar suna. Atamfa biyu. Kayan jariri, da zannuwan goyo. Yajin jego da ta daka da hannunta, gwangwani biyu. Turaren wuta da humra a kwalabe, ta naɗe su cikin tsohon zane.

Umma ta ce, "Yaya, da kin ba direba tun gobe, ya fi sauri."

Gwaggo ta ce, "Direba zai jefa min a but a ɗora buhun albasa a kai. Ga 'yata za ta, in ba wa bare? Kuma so nake a ga mutum ya shigo da ita daga gidanmu, a ce ga ƙanwar mai jego daga Legas." Ta juyo gare ni. "A ƙafarki za ki ajiye, kin ji? Kada ki bari su sa a baya. Ki ci sunan, ki ƙirga min mutanen da suka zo, ki dubo min hancin yaron ko namu ne."

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "To, Gwaggo."

Talata da la'asar Umma ta raka ni tasha. Baba ya shekara ashirin yana aiki a tashar kafin ya rasu, don haka duk 'yan kamasho sun san ni, suna ta cewa 'yar marigayi an girma. Suka sama min kujera a tsakiya, jikin taga. Na cusa jakar Gwaggo a ƙafata, tawa a cinya. Umma ta tsaya a waje tana min addu'a ta gilashi.

Aka ja ƙofa aka rufe. Na ce wa kaina babbar mota ce, ga mata ga yara, ga wani tsoho yana jan carbi. Na yi ta karanta duk abin da na haddace. Na daure har muka kai Berger, bakin fita Legas, muka shiga cunkoso. A nan mutumin da ke kusa da ni ya miƙa hannu ta saman kaina zai sayi burodi ta taga, gwiwar hannunsa ta ɗan danne min ɗankwali. Bawan Allah bai yi komai ba. Amma ni a take na koma cikin danfon nan, har warin takalmin na ji. Numfashina ya tsaya. Ban san sanda na miƙe ina jan jakunkuna ina taka ƙafafun mutane ba.

Kwandasta ya tare ni ya ce lafiya. Na ce an kira ni yanzu an yi mana rasuwa. Ban san daga ina ƙaryar ta fito ba. Motar gaba ɗaya ta ɗauki salati, tsohon mai carbi yana cewa Allah ya jiƙan musulmi, wata mata ta taya ni sauko da jakar tana ba ni haƙuri. Na tsaya a bakin titi, suna ɗaga min hannu.

Daga Berger zuwa gida ba nisa. Amma na tuna dariyar tsakar gida, na tuna fuskar Umma, na tari keke na ce Ogba.

Ƙawata ta buɗe ƙofa ta gan ni da kaya. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ba ni ruwa ta zaunar da ni. Ita ce mutum ta farko da na ba wa labarin danfon. Ta riƙe hannuna, ta ce in zauna iya yadda nake so.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba na jin kunyar ba da shi.

Laraba da safe ƙawata ta nuna jakar Gwaggo da baki ta ce, "Wannan fa? Tun jiya nake atishawa. Barkono ne a ciki ko me?"

Na faɗa mata abin da ke ciki, da ranar suna.

Ta ce, "Ai da sauƙi. Mu kai tasha yau, gobe tana Zariya."

Na ce duk tashar sun san ni.

"To mu je kasuwar Mile 12. Wa ya san ki a can? Motocin kaya kullum suna komawa."

Na ce ko daga ina aka tura, direba zai kira mijin mai jego ya zo ya karɓa, za a tambaya ina yarinyar da aka ce ta taho da ita. Kafin awa ɗaya maganar ta dawo Agege. Na ce ta bari zuwa gobe, wataƙila in iya shiga motar da kaina. Na san ba zan iya ba. Ita ma ta sani.

Da azahar Umma ta kira. Na fita da gudu zuwa bakin babban titi don ta ji ƙarar manyan motoci, na ce mun lalace a Mokwa, ana jiran makaniki. Ina cikin magana wani kwandastan danfo ya zo wucewa yana kiran Agege, Agege, na danne wayar a ƙirjina har ya yi nisa. Da na mayar kunne sai na ji muryar Gwaggo, ta karɓi wayar.

"Bayarabiya, kin samu abin da kika ci?"

Na ce na ci.

"Kada ki sa damuwar kayan a ranki, akwai sauran kwana biyu. Ke dai ki kula da kanki, kada ki yi nisa da mata. Jakar tana ƙafarki ko?"

Na ce tana ƙafata.

Na dawo ɗakin na tarar ƙamshin humra ya cika shi, da alama wata kwalba ta ɗan tsiyaya. Duk inda na juya jakar tana kallona daga bayan ƙofa.

Alhamis da safe ita ce dama ta ƙarshe, don motar da ta tashi da wuri tana iya shiga Zariya kafin mata su taru ranar Juma'a. Ƙawata ta yi wanka ta sa takalmi ta ce, "Ba ni lambar mijin. Ni zan kai. Ke ki zauna, ba sai kin fito ba."

Na ce a'a.

"Hajiya, abeg, don Allah. Me za su yi miki? Yanka ki za su yi?"

Ta sunkuya za ta ɗauki jakar, na riga ta, na zauna a kai. Ni da girmana, na zauna a kan kayan jaririn mutane na riƙe hannun jakar da hannu biyu. 

Ta ce, "Tsoron mota na gane shi, ko ni ce zan ji. Amma wannan da kike yi yanzu ba tsoron mota ba ne."

Ta cire takalminta ta fita tsakar gida wanki. Da rana Umma ta sake kira, na rasa garin da zan ce mun kai, sai na kashe wayar gaba ɗaya.

Juma'a na tashi ina bin sunan a kaina kamar ina wurin. Yanzu an fito masallaci an raɗa suna. Yanzu an yanka rago. Yanzu an ɗora tukwane. An jima mata za su fara shigowa, za a ce mai jego ta shiga ta sako kayan gidansu.

Wajen ƙarfe goma ƙawata ta ɗaura ɗankwali, ta ɗaga jakar ta aza a ka ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ce, "Agege za ni. Ina da uwa ni ma, na san abin da waya a kashe take yi wa mutum. Ko ki biyo ni ko ki zauna."

Na bi ta a baya.

Mun tarar ɗakinmu cike da mata. Ashe tun da safe an je tasha an bincika, an ce motar ta isa tun Laraba, kuma wata yarinya ta sauka a Berger wai an kira ta an yi musu rasuwa. Kowa ya ɗauka masu satar mutane ne suka yaudare ni da waya. Umma tana zaune a ƙasa ba ɗankwali. Da ta gan ni sai ta taso ta shafa fuskata, ta shafa hannuwana har zuwa yatsu kamar tana ƙirgawa, sannan ta koma ta zauna ta rufe fuska.

Ƙawata ta sauke jakar a tsakiyar ɗaki ta gaishe su ta koma bakin ƙofa. Gwaggo ta dubi jakar, ta dube ni.

"Lafiyarki ƙalau? Ba wanda ya taɓa ki?"

Na ce ba kowa.

"Alhamdu lillahi."

A gaban matan nan da na ji tsoron dariyarsu na faɗi komai, tun daga Oshodi har zuwa Mokwan da ban taɓa gani ba. Ba wadda ta yi dariya. Da na zo kan danfon Umma ta ce, "Wata takwas, Uwata? Muna kwana ɗaki ɗaya?" 

Gwaggo ta ce, "Tsoro ba abin kunya ba ne, 'yar nan. Da kin dawo ranar Talata da ni zan fara rungume ki." Ta murza gwiwarta. "Amma Laraba fa? Na tambaye ki, kika ce tana ƙafarki. Alhamis fa?"



Ta dafa bango ta miƙe, ta ja jakar da kanta zuwa ɗakinta, ta ƙi bari a taya ta. Bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka na ji sanda ta kira 'yarta. Na jira in ji sunana. Cewa ta yi, "Ki yi haƙuri, uwarki ce ta yi sakaci, ban tura da wuri ba. Ki ari na wata ki sa, ki saki fuskarki a gaban mutane. Kada ki yi kuka, ruwan nono zai tsaya."

Da yamma aka turo hotunan suna a waya, suka zagaya gidan hannu zuwa hannu har suka iso kaina. Mai jego tana zaune a bakin gado da jariri, sanye da leshin ƙanwar mijinta. Ya yi mata yawa a kafaɗa, an kama shi da fil, ana ganin fil ɗin. Tana murmushi yadda uwarta ta ce ta yi. Daga baya na ji cewa wata daga cikin dangin mijin ta tambaya a gaban mutane ko haka ake suna a Legas, uwa ta aiko da gaisuwa kawai.

Asabar da safe Gwaggo ta fito da jakar, an rubuta suna da lambar waya a jikinta da baƙin alƙalami. Na ce zan kai mata tasha, ko a ka ne, in ba direba hannu da hannu.

Ta ce, "A'a, zauna ki huta." Ta ba wa mijin maƙwabciyarmu da zai wuce ta can.

Sauran sati huɗu na hutun ban je ko'ina ba. Ban je Zariya ba, ban je Sagamu ba. Kaka ta aiko a ce min ba komai, in Allah ya yi za a gana. Umma ta kai ni asibiti aka yi ta min tambayoyi, yanzu ina iya shiga danfo idan tana kusa da ni kuma na samu bakin ƙofa.

Gwaggo ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana amsa gaisuwata, tana ajiye min wainar ƙarshe mai ƙonannen gefe da ta san ina so. Amma ta daina ce min Bayarabiya, kuma tun daga ranar ba ta ƙara aikena ba. Shekaranjiya ashana ta ƙare mata tana shirin hura wuta. Ina zaune a kan dakali, taku uku tsakaninmu, ba abin da nake yi. Ta ɗaga kai ta duba tsakar gida, idonta ya bi ta kaina ya wuce. Sai ta yafa mayafinta, ta dafa bango, ta tafi shagon da kanta.